Daga Gindin Bishiya Zuwa Bakin Sikeli

A zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina, su tsaya a tashar Garwa su sauke gishiri da yadi su ɗauki gyaɗa da auduga, mutum kan yi sana'a tun ƙuruciya har tsufa bai taɓa riƙe alƙalamin boko ba, kuma ba mai cewa ya gaza. Maƙeri ya san ƙarfe a hannu, baduku ya san fata da ido. Mai sayar da goro a unguwar Hausare yana riƙe da basussukan abokan cinikinsa a ka, wane ƙwarya kaza, wane rabin huhu, ba ya mantuwa, ba ya haɗa na wani da na wani. Takarda kuwa abar ofis ce, ta mai karɓar haraji da akawun kamfani da tafinta. In ta ɓato hanya ta shigo gida, a aika a kira ɗan makarantar da ke unguwa ya karanta.

Yau a Garwar nan tela na karɓar awo ta waya. Mai gyaran babur sai ya duba lambar kayan gyara kafin ya aika kasuwa. Manomi na sa hannu a kan bashin taki, mai ƙosai ana turo mata kuɗi ta Orange Money. Takarda ta sauko daga ofis ta shiga aljihun kowa. Tsakanin wancan zamani da wannan an yi ta yunƙurin koya wa manya karatu da lissafi a arewacin Kamaru, wani ya kama, wani ya watse tun kafin alli ya ƙare. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga abu guda na maimaita kansa: babba ba ya zama a aji sai ya ga inda harafi ya taɓa abincinsa.

Mutanen da aka zo koya wa ɗin ma ba wofi aka same su ba. Ƙasar Adamawa ƙasar allo ce tun zamanin Modibbo Adama. Kafin Jamusawa su ci Garwa a 1901 akwai malamai masu rubuta wasiƙa da Larabci, masu rubuta wa'azi da ajamin Fulatanci da na Hausa, masu raba gado da sulusi da sudusi da sumuni ba tare da sun cuci maraya ba. Amma da aka zo ƙidayar masu karatu, ma'aunin Faransanci ne. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta basussukansa da ajami a gefen takarda, sai ya tsinci kansa a layi ɗaya da wanda bai taɓa ganin baƙi da wasali ba. Wannan kuskuren awo ya daɗe yana bin karatun manya a ƙasar nan, domin wanda ka fara da kiransa jahili da wuya ya dawo maka gobe.

Yunƙuri na farko mai girma ya zo ne bayan samun mulkin kai a 1960. Shugaba Ahmadu Ahijo ɗan Garwa ne, an haife shi a 1924, ya yi allo ya yi boko, ya yi aikin sadarwa a gidan waya kafin siyasa, saboda haka ya san ratar da ke tsakanin arewa da kudu a fannin makaranta. A farkon shekarun 1960 gwamnatinsa ta ƙaddamar da abin da aka kira makarantar gindin bishiya. A rataya allo a jikin itace, magidanta su zauna a tabarma da la'asar, wani mai ɗan ilimin boko ya tsaya yana nuna haruffa. An yi abin da zuciya ɗaya, kuma mutane sun fito. Sai dai darasin da Faransanci ake yinsa, harshen da ɗalibin ba ya ji. Ana ɗora masa kaya biyu a lokaci guda: ya koyi yadda alama ke zama sauti, ya kuma koyi ma'anar sautin. Da yawa sun iya rubuta sunansu, sun iya ƙirga zuwa ɗari, sai damina ta faɗi aka koma gona. Kafin rani ya zagayo abin ya dushe, don babu wata takarda a gida da ke jiran a karanta ta.

A ƙetaren iyaka an bi wata hanya. Yaƙi da Jahilci da aka yi a Arewacin Nijeriya a shekarun 1950 da Hausa aka yi mafi yawansa, kuma hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna domin sabon mai karatu ya sami abin dubawa, ga Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939. Amma adalci shi ne a ce Kamaru ba ta da wannan sauƙin. Daga Ngaundare zuwa Kuseri akwai Fali da Gidar da Mundang da Tupuri da Giziga da Mafa da Masa da Musgum da Kotoko da Mbum da wasu da dama. Fulatanci ne harshen kasuwa, amma a wajen al'ummomi da yawa shi ne kuma harshen waɗanda suka mulke su a ƙarni na 19. Gwamnatin da ke fafutukar haɗa masu Faransanci da masu Ingilishi a ƙasa guda ta ji tsoron ɗaga wani harshen gida sama da wani. Tsoron yana da dalili. Kuɗinsa dai talakan da ke gindin bishiya ne ya biya.

A waje kuwa tunani yana sauyawa. A taron ministocin ilimi da UNESCO ta shirya a Tehran a 1965 aka tsayar da cewa karatun manya ya kamata a ɗaure shi da aikin da mutum yake ci da shi. A 1966 masana suka zauna a Bamako suka daidaita rubutun boko na wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulatanci. A 1979 aka amince da haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru, aikin da Maurice Tadadjeu da Etienne Sadembouo suka jagoranta. Duk waɗannan an yi su ne a manyan birane. Abin da ya kai su ƙauyukan Binuwai ba ma'aikatar ilimi ba ce, auduga ce.

Kamfanin Faransa na CFDT ne ya shigo da noman auduga na sayarwa a farkon shekarun 1950, daga wajen Kaele. A 1974 aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, hedkwatarsa a Garwa. Tsarin nomansa daga farko har ƙarshe lissafi ne. Gona ana auna ta da rubu'in hekta, mita 50 tsawo, mita 50 faɗi. Kowane rubu'i da adadin irinsa da takinsa da maganin ƙwarinsa, kuma takin da maganin bashi ne. In kaka ta yi a kai auduga kasuwa, a duba ingancinta a sa ta a aji na ɗaya ko na biyu, a ɗora a sikeli, a cire nauyin abin da aka ɗaure ta da shi, a ninka kilo da farashi, a zare bashi, abin da ya rage shi ne guminka na shekara. A farko ma'aikatan kamfani ne ke yin wannan duka. Manomi na tsaye yana kallon allurar sikeli tana rawa, a faɗa masa adadi, ya dangwala yatsa. Ko awon na gaskiya ne, wanda bai iya duba shi da kansa ba ba ya rabuwa da zargi a zuci.

A shekarun 1980 aka fara miƙa kasuwar auduga ga ƙungiyoyin ƙauye, su auna, su rubuta, su raba kuɗi, kamfani ya ba ƙungiya lada a kan aikin. Ba tausayi kaɗai ya kawo haka ba. Farashin auduga ya faɗi a duniya, tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, kamfani na neman rage ɗawainiya. Dokar 1992 ta ba irin waɗannan ƙungiyoyi rajista da matsayi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, kowane buhun taki ya zama abin ƙirgawa sau biyu. A wannan shekarar aka fara shirin DPGT a ƙarƙashin inuwar kamfanin, wanda ya ɗauki shekaru yana ƙarfafa ƙungiyoyin manoma, har da azuzuwan karatu da jaridar manoma da Fulatanci. Daga baya manoman suka kafa babbar ƙungiyarsu, OPCC a 2000, wadda CNPC-C ta gaje ta a 2010.

Abin da ya fi tura mutane aji shi ne tsarin lamuni. Manoma kan haɗu rukuni-rukuni su tsaya wa juna: in ɗaya ya kasa biyan bashin taki, a kuɗin sauran za a cire. Daga ranar da aka fara haka littafin ƙungiya ya zama maganar zaman lafiyar maƙwabta. Wa ya karɓi buhu nawa? Wa ya rubuta rubu'i huɗu alhali biyu ya noma, ya karkatar da sauran takin gonar masara ko kasuwa? Magidancin da da ba ya ganin amfanin alli sai ga shi yana son ya gane layinsa a cikin littafi, ya ga adadin da ke gaban sunansa da idonsa.

Darasin irin waɗannan azuzuwa ma ya sha bamban da na gindin bishiya. Lamba ce a gaba: karanta sikeli, sanin gurbin ɗaya da goma da ɗari, tara dogon jeri ba tare da an tsallake layi ba, cike takardar da ke da gidaje-gidaje. Harafi na biyo baya, don a rubuta sunan mutum da na ƙauye da na kaya. Harshen kuma sau da yawa Fulatanci ne, kuma ba don wani ya yi doka ba. Tun daga shekarun 1970 shirye-shiryen raya kwarin Binuwai suka jawo dubban manoma daga duwatsun Mandara da filayen arewa mai nisa, madatsar ruwan Lagdo da aka gama a 1982 ta ƙara jawo wasu. A sabon ƙauye inda Batupure ke maƙwabtaka da Bamafe da Bagizige, babu harshen da ya haɗa su sai na kasuwa. Abin da gwamnati ta kauce wa saboda siyasa, buƙata ta tsayar da shi ba tare da gardama ba.

An taɓa tsammanin hoto zai iya maye gurbin rubutu. Masu yin maganin ƙwari kan zana ƙananan hotuna a jikin kwalba, na safar hannu, na wanke jiki, na nesanta yara, da nufin wanda bai iya karatu ba ya gane. Masanin harshe Henry Tourneux ya bi manoman arewacin Kamaru a farkon shekarun 1990 yana nuna musu waɗannan hotuna, ya tarar da yawansu ana fassara su ba yadda masu zanen suka nufa ba. Ashe hoto ma karatu ne, sai an koya. Shi ne kuma, tare da Yaya Dairu, ya fitar da ƙamus na Fulatanci kan noma da tsirrai a 1998, domin malamin gona da manomi su daina kiran abu ɗaya da suna biyu.

Sai dai karatun auduga yana da iyakarsa. Ƙungiya ba ta buƙatar kowa ya iya. In ta sami magatakarda da mai awo da mai ajiyar kaya, kasuwa za ta ci. Ilimin ya taru a hannun 'yan kaɗan, kuma akasari waɗanda suka taɓa leƙa firamare ne. Mata kuwa, waɗanda ke shuka da cira da tsintar auduga, galibi ba sunansu ke cikin littafi ba, saboda haka ba su ne aka fara kira aji ba. Nasu karatun ya biyo ta wasu ƙofofi ne: cibiyoyin mata na gwamnati inda ake koyar da ɗinki da rini da yin sabulu, azuzuwan coci da harsunan gida, islamiyyun matan aure, da kuma adashi. Uwar adashin da ke riƙe da zubin mata ashirin ta san ranar da kai zai gaza, littafi ya zama dole.

A cikin gari labarin ya ɗauki wata kama. Tun zamanin Turawa akwai ƙananan makarantun sana'a da ake kira SAR/SM, inda ake koyar da gini da kafinta da ɗinki da aikin gida. A 2004 aka kafa ma'aikata ta musamman domin aikin yi da koyon sana'a, a 2018 aka yi dokar da ta tsara fannin. Amma waɗannan makarantu an gina su ne domin wanda ya yi firamare, mai iya kwafar darasi daga allo da Faransanci. Karatun manya kuma yana wani gida daban: ya daɗe a hannun ma'aikatar matasa, wadda ta ƙaddamar da shirin ƙasa na yaƙi da jahilci a 2005, daga baya aka mayar da shi ma'aikatar ilimin firamare. Mai koyar da sana'a yana ɗauka ɗalibi ya zo da karatunsa. Mai koyar da karatu bai taɓa riƙe zarto ba. Shi kuwa saurayin da ya fi buƙatar duka biyun ba ya wajen ko ɗaya daga cikinsu. Yana gareji ko shagon walda, yana miƙa wa maigidansa sifana.

Yaron garejin nan ya san lamba 10 da 12 da 17 tun kafin ya san a jikin ƙarfen rubutu ne. Da ido yake gane su. Matsalarsa tana farawa ranar da aka yaye shi ya buɗe nasa wurin. In mai walda ne, a ce ya rubuto wa wata makaranta kuɗin tagogi goma sha biyu: ƙarfe tsayi nawa, asarar yanka nawa, wuta da fenti da ladan yara nawa, riba nawa. A nan ne gwani a aiki kan faɗi a ciniki, ko ya biya wani ya rubuta masa, ko aikin ya tafi wajen wanda bai kai shi iyawa ba amma ya iya takarda. Tela ma haka. Wanda ya koyi ɗinki a Yola ko Mubi da inci yake awo, wanda ya koya a cibiyar gwamnati a Garwa da santimita, kuma inci ɗaya ya haura santimita biyu da rabi kaɗan. In aka turo awo ta waya ba a faɗi wanne ba ne, shadda ta tafi. Takardar Nijeriya na raba cikakkiyar lamba da guntunta da ɗigo, ta Kamaru da waƙafi. Ga kuma ƙirgar Faransanci, inda 97 ake kiranta huɗu-ashirin-goma-bakwai, wato ashirin huɗu da goma sha bakwai. Mai rubuta lambar waya yana jin huɗu ya rubuta 4, kafin a gama faɗa ya riga ya ɓata. Waɗannan su ne ainihin darussan karatun manya a garin kan iyaka, kuma ba kasafai suke cikin littafin da aka rubuta a Yawunde ba.

Malaman da suka daɗe a wannan aiki sun san babba ba yaro ba ne da ya yi tsawo. Ana cewa gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma gemu yana da kunya. Magidanci ba zai so ya yi tuntuɓe a gaban sa'an ɗansa ba, balle surukinsa. Malami mai hankali, ko da ya girmi ɗalibin da ilimi, da ladabi yake farawa: “Baba, in katako ɗaya jaka uku da rabi ne, goma sha biyu nawa ke nan?” Kafin ya juya ga allo an ba shi amsa: “Arba'in da biyu mana, Malam. Wannan ai ba sai da alli ba.” Daga nan aikin ya zama nuna masa yadda zai ajiye a takarda abin da ya riga ya sani, domin wani ya gani, domin ya zama hujja in gardama ta taso. Wanda ya yi allo kuma a fara da nuna masa cewa ya riga ya san asirin baƙi da wasali, hannun rubutu ne kawai ya juya. Sai a kiyaye lokaci: ba ranar Lahadi ba in ɗaliban masu cin kasuwar Pitowa ne, ba da damina ba in manoma ne, ba gab da salla ba in teloli ne.

Makaranta ta yaɗu ƙwarai a shekarun nan. An soke kuɗin firamaren gwamnati a 2000, Marwa ta sami jami'a a 2008, Garwa ta sami tata a 2022. Duk da haka jihohin arewa na cikin yankunan da gwamnati da kanta ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman a ilimi, kuma yaran da suka fita daga aji uku ko huɗu ba su iya karatu ba su ne manyan da ke cika shagunan sana'a yau. Rikicin Boko Haram ya ƙara nasa: an buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo a 2013, an rufe makarantu da dama a kan iyaka, yaran da suka tashi a gudun hijira yanzu magidanta ne masu neman abin yi.

Waya kuma ta zo da fuska biyu. Saƙon murya ya ba wanda bai iya rubutu ba damar yin ciniki daga Garwa har Kano ba tare da ya taɓa harafi ba, kuma wasu na ganin ai shi ke nan an huta. Amma saƙon da ke tabbatar da shigar kuɗi ba ya magana. Rubuce yake zuwa, da Faransanci ko Ingilishi, da sifili jere, kuma bambancin 5,000 da 50,000 sifili ɗaya ne. Wanda ke miƙa wayarsa ga wani ya duba masa, har ya faɗa masa lambar sirri, ya koma matsayin mai dangwala yatsa. A zamanin auduga mutum uku masu karatu sun ishi ƙauye. Yanzu kowa da nasa asusun, ba wanda zai iya wakiltar wani.

Saboda haka abin da shekaru sittin suka koyar ba ya buƙatar sabon gini. Malamin karatu ya bar jiran ɗalibai a ajin firamaren da aka ara masa da yamma, ya tafi inda suke: gareji, shagon ɗinki, rumfar kafintoci, taron adashi. Ya zauna da maigidan shago su fitar da darasi daga rasit da tef ɗin awo da saƙon waya. A fara da Fulatanci ko Hausa ko duk harshen da shagon ke magana da shi, Faransanci ya shigo a kan takardun da dole sai da shi. Kuma a daina auna nasara da yawan waɗanda aka ba takardar shaida ranar 8 ga Satumba, ranar yaƙi da jahilci ta duniya. A koma shagon bayan shekara biyu a ce maigida ya ɗauko littafin cinikinsa. In akwai shi, kuma da hannunsa ya rubuta, an yi karatu.